Yadda Muka Kwashe Marmaronmu a Kai

Karatuna bai yi nisa ba, gara in faɗa tun yanzu. Allo na riƙe har na samu abin yin salla. Boko kuwa, shekarar da aka zo kamun yara, a rumbu aka ɓoye ni, na yi barci a kan dawa, ban farka ba sai da ilmi ya wuce. Saboda haka wanda ke son bayanin masana a kan duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya nemi wani. Ni abin da na sani, da wuyana na koye shi, kuma har yau in sanyi ya shigo wuyan yana tuna mani.

Garinmu yana gindin wani dutse tsakanin Faskari da Yankara, ta ɓangaren gabas. Baƙin dutse ne falale, ba ya tsirar da komai sai 'yan itatuwa cikin tsagogi. Akwai wata farar jijiya da ta ratsa shi, kamar an ɗaura mashi igiya: ta taso daga gindinsa ta wajenmu, ta haye bisa, ta gangara yamma. Daidai inda jijiyar nan ta shiga ƙasa ta wajenmu, nan marmaronmu yake. Ruwa ne ke tsattsafowa daga tsagar dutse, ya taru a gurbi, ya gangara fadama. Rani bai taɓa kashe shi ba, ko a bakin tsofaffi.

Garkata ita ce ta farko a bakin ruwan. Gadon ubana ce, kuma ban da ita ba ni da wani abin nunawa a duniya. Albasa nake yi. In na kai ta kasuwar Yankara, mutanen Sabuwa da na Ƙanƙara sukan ɗaga ta su juya, ni kuwa in kau da kai kamar ban ga suna kallo ba.

Ta yammacin dutsen akwai unguwar Maguzawa. Ƙasarsu tsakuwa ce da marmara, rijiyarsu guda kan ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa. Matansu sai su zagayo dutsen da tuluna. Ba mu taɓa hana su ruwa ba, ban ce haka ba. Amma muna da doka tun kakanni: ruwa na mutanen da ya fito a ƙasarsu ne, baƙo sai ya jira a gama ban ruwa. Sai su zauna a inuwa su jira, mu kuwa mu riƙa jan jigo a hankali, muna gyara murya.

Cikin masu jiran nan na ga matata. Ubanta ya musulunta, amma kakanta yana nan kan bakansa, da ƙoƙon giyarsa da rantsuwarsa da aradu. Tsoho ne siriri, ido ƙanana, ba ya dariya sai ya gama da kai. Tun da na aure ta yake ce mani ɓarawo, wai matarsa na sace, ni kuma in ce mashi ai ceto ta na yi daga ƙishirwa. Ranar da aka kawo ta na faɗa mashi gaban mutane cewa daga yau jikarsa ta gama zagaya dutse da tulu. Ya ce, "To, ɓarawo, Allah ya sa." Bamaguje ne, amma in zai cuce ka da Allah yake farawa.

A shekarun nan ne, kafin Turawa su tafi, lokacin da aka fara yawo da zancen zaɓe, wata motar kaya ta taso ta wajen Funtuwa ta tsaya gindin dutsenmu. Wani Bature ya fito, ja kamar an yaɓa mashi manja, da 'yar guduma a hannu. Ya hau dutsen yana bin farar jijiyar nan, yana ƙwanƙwasa, yana lasar tsakuwa. Muka ce Allah ya ba shi lafiya. Ya bi ta har ya gangara yamma, can ƙasa da unguwar Maguzawa kaɗan ya kafa tanti. Ashe wani baƙin yashi mai nauyi yake nema a cikinta. Mu dai kuza muke ce wa duk abin da yake baƙi kuma Bature yana so.

Ya zo da helma, wato shugaban lebura, wani mutumin Ƙanƙara da ya yi aikin kuza a Jos ya dawo da wando gajere da bakin magana. Helma ya zagayo garinmu neman ma'aikata. Maguzawa ba su da yawa, kuma sun ce su ba su haƙa ramin da ba za a shuka komai ciki ba. Mu kuwa muka tashi gari guda. Rani ne, ban ruwa safe da yamma ne, tsakiyar rana ta zama riba.

Muka haƙa. Jar ƙasa ta wuce, marmara ta wuce, muka ishe ruɓaɓɓen dutse wanda diga ke shiga kamar tuwo, mai ƙyalli kamar an barbaɗa mashi madubi. Muna ta bin farar jijiya tana nutsewa, har wata rana bangon ramin ya fara gumi. Kashegari muka ishe ruwa har idon sawu. Bayan 'yan kwanaki sai gwiwa.

Bature yana da injin jan ruwa. Ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya mutu. Aka ce an aika a kawo wani ƙarfe nasa daga Kaduna. Ina jin har yanzu yana hanya.

Helma ya ce ba komai, a Jos ma mutum ya riga inji. Ya jera mu daga ƙasan rami har baki, kowa da kwano ko garwa. Na ƙasa ya ɗebo ya miƙa, na sama ya karɓa, na ƙarshe ya aza a kai ya taka 'yan taku ya kwarara a gangaren yamma. Ni ne na ƙarshen nan, don a lokacin wuyana kamar na sa yake. Garwa nake ɗauka ina waƙa. Helma ya sa mani Sarkin Kwano, in ya faɗa sai in ji kamar an naɗa mani rawani. Ban taɓa riƙe wata sarauta ba, kafin nan ko bayan nan.

Ruwan da nake kwararawa yana gangarawa ne kai tsaye cikin gonar tsakuwar kakan matata. Da farko ya zo yana faɗa, wai mun jiƙa mashi hanya. Sannan ya daina faɗan. Sannan na fara ganinsa da fartanya yana ja wa ruwan 'yar hanya, yana tsince tsakuwa, yana zuba taki. Na ce mashi, "Kaka, me za ka shuka, duwatsu?" Ya ce, "Kai dai zuba, ɓarawo. Kada ka gaji."

Ban gaji ba.

Can gida kuwa marmaro ya fara ƙyuya. Gurbin da ke cika kafin rana ta fito, sai hantsi bai kai rabi ba. Jigona ya fara kwaso laka. Lawashin albasa ya fara sunkuyar da kai, bakinsa yana rawaya. Na tsaya ina kallon fangalin da ubana ya ja da hannunsa yana tsagewa.

Aka taru gindin tsamiya. Kowa ya kawo dalilinsa. Wani ya ce matan Maguzawa ne ke zuwa da tulunan da aka taɓa zuba giya. Wani ya ce samari ne ke wanka da sabulun kanti kusa da tsagar. Liman ya bari aka gama, sannan ya tambaya yaushe rabon garin da sadakar marmaro. Tun da aikin kuza ya zo ba wanda ya tuna.

Sadakar marmaro tsohuwar al'ada ce a garinmu. Akan yanka sa, mata su daka gumba, a yashe gurbin, a yi addu'a. Amma sharaɗinta shi ne, cikin kwanakin da ake yinta ba namijin da zai fita aiki bayan gari. Kowa yana nan, daga maigari har mai kiwon awaki. In mutum guda ya fita, an ɓata.

Muka aika wa helma cewa ba mu zuwa. Aka kayar da sa. Muka ci, muka yashe gurbi, muka yi addu'a, muka ƙara ci. Kafin naman ya ƙare, sai ga tsagar dutse ta yi duhu, ta fara ɗiga. Ranar da aka rufe sadaka ruwa na gudu a fadama kamar bai taɓa yin fushi ba. Na ba albasata ta sha har ta miƙe. Liman, don in faɗi gaskiya, bai ce shi ya yi ba. Ya ce Allah ne. Amma tafiyarsa ta sake.

Muka koma aiki muka ishe ramin ya cika har wuya. Bature na tsaye a baki yana wasu maganganu da helma ya ƙi fassarawa. Muka ji kunya, mu mutane ne masu riƙon amana. Muka jeru, muka kwashe ramin nan tas da ƙarfin naman sadaka. Ban taɓa ɗaukar garwa kamar ta makon nan ba.

Marmaro ya sake ƙafewa.

Aka koma gindin tsamiya. Wannan karon ba a yi gardama ba, tunda an san magani. Aka sake sadaka, ruwa ya dawo, muka koma muka kwashe rami, ruwa ya tafi. Haka muka yi ta yi har rani ya raba. Shanun da za a iya yankawa suka ƙare, aka koma raguna, aka koma awaki. Wata sadakar ma zakaru aka yanka, kowa ya samu abin da bai fi a lasa ba. Kuma ruwa ya dawo daidai yadda ya dawo wa sa. Ni ne na tashi gindin tsamiya na yi bayani: na ce marmaronmu ba shi da kwaɗayi, niyya yake dubawa. Aka ce lallai yaron nan da ya yi karatu da an ga abu.

Wata rana cikin kwanakin sadaka ina kishingiɗe a tsakar gida, matata ta shigo da tulu ta sauke.

Ta ce, "Malam, na lura da wani abu. Duk sanda ka kwana biyu a gida kana tare mani hanya, tuluna na cika da wuri."

Na ce, "Albarka ke nan. Ba kowace mace ke dace da irina ba."

Ta ce, "Duk sanda kuma ka koma wajen Baturenka, sai in koma kankarar laka."

Na ce, "Kewa ce. Har ruwa na kewata."

Ta zauna ta dube ni irin kallon kakanta. Ta ce, "Ruwan da kake zubar wa Kaka a gona, daga ina yake fitowa?"

Na ce daga rami. Ta ce ramin a kan me aka haƙa shi. Na ce a kan farar jijiya. Ta ce marmaro fa, a gindin me yake. Na ce ta tashi ta duba tukunya, ina jin ƙauri.

Amma maganar ta tsaya mani, kuma ashe ba ita kaɗai ba, matan gari duk sun faɗa wa mazansu. Da yamma aka kawo zancen gindin tsamiya, ana yi ana dariya. Nan ma ni na kashe shi. Na ce, jama'a, marmaro na gabas, rami na yamma, tsakaninsu dutse ne wanda jaki ba ya hawa. Ta ina ruwan zai bi? Ya hau bisa ya gangara ba wanda ya gan shi? Na ce in akwai wanda ya san ruwa ba ya hawa da kansa, ni ne, don ni ke ɗaukarsa. Na nuna masu kantar da ke tsakiyar kaina. Aka yi shewa. Ba wanda ya ce ko ta ciki yake bi, don a wajenmu dutse abu ne toshe, kamar kan wanda ke maganar. Kuma kowa a wurin yana da dalilin da zai so in yi gaskiya: ga aikin rami, ga naman sadaka.

Bature dai ya gaji da mu. Ma'aikatan da ke ɓacewa duk sanda rami ya bushe, su dawo suna sheƙi in ya cika, ba abin da zai yi da su. Wata rana helma ya tara mu ya ce an samu dabara, wahalarmu ta ƙare. Za a fasa lambatu, wato doguwar hanyar ruwa, daga ƙasan ramin ta huda gefen dutse ta ɓullo gangaren yamma. Ruwa zai riƙa fita da ƙafarsa dare da rana, ba kwano ba garwa.

Wa zai haƙa? Mu. Muka yi murna har da kiɗa. Inda diga ta kasa aka sa nakiya, ta tashi, ƙasa ta girgiza har tukwane suka yi ƙara a garinmu. Ranar da aka huda, ruwa ya tunkuɗo ta lambatun nan fari tas yana gudu, na cire gammo na jefa sama. Kakan matata na tsaye can gefe dogare da sanda. Shi ne karo na farko da na ga haƙoransa duka.

Kashegari helma ya ce masu kwano su huta a gida, in an buƙace su za a aiko. Sarautata ta ƙare ke nan.

Muka huta. Muka ce ai shi ke nan, ga mu duk a gida, sai mu yi sadaka mai dalili. Maigari ya ba da bijiminsa na huɗa. Aka yanka, aka yashe gurbi har muka ishe dutse, aka yi addu'a har muryar liman ta dushe. Muka zauna muna kallon tsaga. Ƙadangare ya fito daga ciki ya kalle mu, ya gyaɗa kai, ya koma.

Aka ƙara kwanaki. Ba ɗigo.

Albasata ta mutu a tsaye. Na bi fangali ina tuge ta, kawunan ba su fi ƙwan kurciya ba. Jigo ya tsaya da wuyansa sama kamar yana tambayar wani abu. Na cire gugar na kai gida, don kada mutane su riƙa gani.

Damina ta zo, marmaro ya ɗan yi hawaye, kaka na wucewa ya ɗauke. Kafin wani ranin Bature ya naɗe tantinsa, wai baƙin yashin ya daina tsada a ƙasarsu. Ya bar mana rami da mataccen inji.

Sannan ne kan garinmu ya buɗe, gaba ɗaya, kamar an sa mashi nakiya. Kowa ya ce shi dama ya sani. Muka ɗauki kwanduna da fartanyu muka zagaya yamma za mu toshe lambatu. Muka ishe abin da ba mu sani ba: gangaren tsakuwar nan ya zama kore shar, albasa da barkono da gauta, har da rake. Maguzawa suna zaune bakin ruwan, kowa da abin hannunsa kusa. Maigari ya yi bayani mai tsawo, cewa ruwan nan asalinsa namu ne.

Kaka ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban san asali ba. Doka na sani, kuma a bakinku na koye ta. Ruwa na mutanen da ya fito a ƙasarsu ne. Baƙo sai ya jira a gama ban ruwa." Ya nuna wata inuwa. "Ga wuri can mai sanyi. Matanmu sun ce jira ba shi da wuya in an saba."

Wasu samarinmu sun koma daga baya sun gwada cusa duwatsu da laka. Banza. Nakiya ta farfasa gefen dutsen, in ka toshe nan ya ɓullo can, kuma duk ta yamma.

Na yi rani guda ina zaune. Matata na zagaya dutse da tulu, hanyar da na rantse gaban mutane ta gama bi, sai dai yanzu daga wannan gefen take tashi. In ta sauke tulun sai ta ɗan yi nishi kaɗan, daidai yadda zan ji.

Da rani na biyu ya kama na sa rigata mai kyau, na sayi taba, na zagaya. Na ishe tsohon zaune kan kunyar fangali. Na durƙusa na gaishe shi, gaisuwar da ban taɓa yi mashi irinta ba.

Ya ce, "Wa nake gani kamar ɓarawo? Ka zo maido mani matata?"

Na ce, "Kaka, wuri na zo roƙo. Ko ɗan fangali kaɗan."

Ya ce, "Me za ka shuka, duwatsu?"

Na miƙa mashi tabar. Ya buɗe tabar ya shinshina, ya ɗauki lokacinsa.

Ya ce, "Da wani ne da na hana. Amma kai, aradu ba mai hana ka. Duk garinku ba wanda ya yi mana wahala kamarka. Ina kallonka, wasu na zuba rabi, kai cike kake kawowa."

Ya ba ni wuri can ƙarshen gangare, inda ruwa ke isa bayan kowa ya gama. Nan na yi albasa shekara da shekaru, kuma ta yi kyau, ba zan ɓata mata suna ba. Daga baya ma muka tashi muka koma can da zama, matata ta samu ruwa a ƙofar ɗaki kamar yadda na yi mata alkawari, sai dai a garin ubanta.

Tsohon ya daɗe bai mutu ba, irinsu ba su sauri. Duk baƙon da ya zo ganin garkunan, daga Pauwa ne ko daga Sabuwa, sai ya sa a kira ni daga ƙarshen gangare. In na zo ya ce in cire hula. In cire. Ya nuna wa baƙon kantar da ke tsakiyar kaina, ya ce, "Ka ga marmaronmu nan. Ta nan ya biyo."